BAYANI: Jiziya, amana da yaƙi: Yadda Daular Sakkwato ta zauna da waɗanda ba Musulmi ba

A ƙauyuka da dama na Jihar Sakkwato, kalmar haraji ta dawo bakin mutane da wata ma'ana mai ɗaci. 'Yan bindiga kan aza wa gari kuɗi kafin su bar manoma su shiga gona, su kuwa Lakurawa, waɗanda rundunar sojojin Najeriya ta tabbatar da ɓullarsu a watan Nuwamba na 2024, sukan kora shanun jama'a a yankunan Tangaza da Gudu, su ce zakka suka karɓa. Da zarar irin wannan labari ya fita a shafukan sada zumunta, muhawara kan zame ta koma tarihi, a jawo kalmar jiziya. Wasu su ce jiziya shaida ce ta adalcin da Daular Sakkwato ta yi wa waɗanda ba Musulmi ba, wasu su ce ƙwace ne da aka lulluɓe da rigar addini.

Ƙasar Tambuwal da Kebbe wuri ne da ya dace a tsaya a duba wannan batu, domin a ƙarni na 19 nan ne bakin iyakar Sakkwato ta kudu maso yamma. Abin da tarihin wannan iyaka ke nunawa shi ne, makomar mutum a wancan zamani ta rataya ne ga matsayin da hukuma ta ba shi a shari'a: Musulmi ne, ɗan amana ne, ko abokin yaƙi ne. Sau da yawa kuma siyasa ce ke yanke wannan hukunci, fiye da abin da mutum ya ƙudurta a zuciyarsa.

Mece ce jiziya a littattafan fiƙihu

Jiziya kuɗi ne da wanda ba Musulmi ba yake biya duk shekara ga hukumar Musulunci da yake zaune a ƙarƙashinta. Asalinta na cikin aya ta 29 ta Suratut Tauba. Wanda ya biya ya shiga zimma, wato alƙawarin kariya: jininsa da dukiyarsa sun haramta, ba a tilasta masa barin addininsa, ba a bautar da shi, kuma ba a ɗora masa fita yaƙi. Malaman ƙasar Hausa sukan kira irin wannan mutum kafirin amana.

A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta wannan ƙasa, Risalar Ibn Abi Zaid da ɗalibai ke karantawa a zaure ta ƙayyade jiziya a kan dinari 4 ga masu mu'amala da zinariya, ko dirhami 40 ga masu mu'amala da azurfa, tare da sassauci ga matalauci. Namiji baligi, ɗa, shi ke biya. An ɗauke wa mata, yara da bayi. Hanafawa sun kasa ta gida uku gwargwadon hali: dirhami 48, 24 da 12. Musulmi ba ya biyan jiziya, amma yana da nasa nauyin, wato zakkar amfanin gona, ta dabbobi da ta kuɗi, ga kuma amsa kiran yaƙi.

Akwai wata saɓani tsakanin mazhabobi da ta zama mai muhimmanci ga ƙasar Hausa. Shafi'awa sun taƙaita jiziya ga Yahudu, Nasara da Majusawa, masu bautar wuta na ƙasar Farisa, waɗanda aka ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya karɓi jiziya daga 'yan'uwansu na Hajar. Malikiyya ta buɗe ƙofar ga kowane irin wanda ba Musulmi ba, har da masu bautar gumaka. Mutum ɗaya ne ba shi da wannan dama: wanda aka yanke wa hukuncin ridda.

Kariyar ba ta nufin daidaito. Littattafan sun hana karɓar shaidar ɗan amana a kan Musulmi, sun hana shi gina sabon wurin ibada a garin da Musulmi suka kafa. Diyyar Musulmi dirhami 12,000 ce, ta Bayahude ko Banasare rabin haka, ta Bamajushe dirhami 800, wato kashi ɗaya cikin goma sha biyar. Duk wanda zai yi magana a kan jiziya da gaskiya sai ya riƙe waɗannan fuskoki biyu tare.

Harajin da Shehu ya soka

Kafin jihadin 1804, sarakunan Hausa ba sa rarrabe haraji bisa wannan tsari na fiƙihu. A littafinsa Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa abubuwan da suke karɓa da sunayensu na Hausa, ya kira su zalunci. Daga ciki akwai jangali a kan shanu, kuɗin gari, kuɗin salla, gaisuwar da ake kai wa masu mulki, tawasa da ake ɗiba a wurin mahauta, da kamuwa, wato kama dabbobin talakawa domin ɗaukar kayan sarki. Ƙorafin bai tsaya ga nauyin kuɗin ba. Hujjar Shehu ita ce shari'a ba ta san da waɗannan kuɗaɗe ba.

A madadinsu, jagororin jihadi sun yi nuni ga hanyoyin da fiƙihu ya halatta wa baitulmali: humusin ganima, ushira, jiziya, harajin ƙasa, dukiyar da aka samu daga abokan gaba ba tare da yaƙi ba, gadon da ba shi da magaji, da dukiyar da ba a san mai ita ba. Malam Abdullahi na Gwandu ya yi bayanin tsarin mulki da na dukiya a Liya'ul Hukkami, wanda ya rubuta a Kano bisa roƙon jama'ar garin a farkon shekarun jihadi.

Wannan tsari yana da wani sakamako da ba a cika lura da shi ba. Idan Musulmi zakka kawai zai bayar, zakka kuma tana da mutane takwas da aka ware mata, to kuɗin da za a riƙe fada, a sayi dawaki, a gina ganuwa, sai sun fito daga wani wuri. Manyan hanyoyin da suka rage su ne ganima da jiziya, dukansu kuma daga hannun wanda ba Musulmi ba suke fitowa. Matsala ce tsohuwa. Tun zamanin Banu Umayya gwamnoni suka riƙa ci gaba da karɓar jiziya daga waɗanda suka musulunta don kada baitulmali ya bushe, har sai da Halifa Umar bin Abdul'aziz, wanda ya yi mulki daga 717 zuwa 720, ya hana.

Maguzawa: waɗanda suka samu gurbi

Hausawan da ba su karɓi Musulunci ba, waɗanda ake kira Maguzawa a ƙasashen Kano, Katsina da arewacin Zazzau, ko Arna da Azna a ƙasashen Gobir, Adar da Arewa, su ne misali mafi bayyana na 'yan amana a daular. Masana da dama na ganin sunan Bamaguje ya samo asali ne daga Majusu, wato malamai sun sanya su a sahun Majusawa domin su sami gurbi a shari'a. A bakin jama'a kuwa akan ce sunan daga gudun salla ya fito.

A aikace Maguzawa sun ci gaba da zama a manyan gidajensu na gandu a karkara, suna noma, suna dafa giya, suna bautarsu ta iskoki, suna da shugabanninsu da ke tara kuɗin su miƙa wa hakimi ko ubangidan da aka ba ƙasar. Sarakuna na da dalilin barin su haka, domin manoma ne na gaske, hatsinsu na cika kasuwa, kuɗinsu na shiga fada. Wannan ne ya sa Turawa suka tarar da ƙauyukan Maguzawa a tsakiyar ƙasar Kano a 1903, bayan kusan shekara ɗari da jihadi. Sai dai Bamaguje ba ya riƙe sarautar da za ta ɗora shi a kan Musulmi, kuma a gaban alƙali matsayinsa na ƙasa ne.

Tambuwal da yaƙin Kabi

A yammacin Sakkwato labarin ya sha bamban. Bayan da dakarun jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi suka ci Birnin Kebbi a 1805, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya tsere, Shehu kuma ya koma Gwandu da zama a wannan shekarar. Kabawa ba su miƙa wuya gaba ɗaya ba. A ƙarshen shekarar aka yi yaƙin Alwasa, inda jama'ar Shehu suka sha mummunan kashi. Daga nan aka shiga gaba mai tsawo, wadda ta tilasta wa Sakkwato da Gwandu kafa ribaɗi, wato garuruwa masu ganuwa da aka zaunar da mayaƙa da iyalansu domin tsaron iyaka. Muhammadu Buhari ɗan Shehu shi aka ɗanka wa wannan yanki, ya zauna a Tambuwal, zuriyarsa kuma suka gaji sarautar garin.

Abin lura shi ne su wane ne ake tsaron iyakar dominsu. Masarautar Kabi, wadda Kanta ya kafa a farkon ƙarni na 16, ta daɗe da sanin Musulunci, sarakunanta na ɗauke da sunaye irin su Muhammadu, Yaƙubu, Abdullahi da Sama'ila. Amma a rabe-raben da Shehu ya yi wa mutanen ƙasar Hausa a Nurul Albabi, akwai kashi uku: Musulmi na sosai, waɗanda ba su taɓa shiga Musulunci ba, da masu garwaya ayyukan Musulunci da na kafirci. Ga wannan kashi na uku, da kuma duk wanda aka ce ya jiɓinci kafirai a kan Musulmi, jagororin jihadi sun dogara da fatawoyin Shehu Magili, malamin da ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya kuma amsa tambayoyin Askiya Muhammadu na Songhai. Hukuncinsu shi ne a yaƙe su. Tun da kuwa ba a karɓar jiziya daga wanda aka yi wa hukuncin ridda, Bakaben da ke salla a bayan ganuwar Argungu ya rasa ƙofar da aka buɗe wa Bamagujen da bai taɓa alwala ba.

Sakamakon ya ɗauki kusan ƙarni guda. An kashe Sarkin Kabi Karari a 1831, aka tafi da ɗansa Yaƙubu Nabame Sakkwato. A 1849 Nabame ya koma ya tayar da Argungu. An sami sulhun da ake kira Lafiyar Toga daga 1867, zamanin Sarki Abdullahi Toga, wanda ya ɗauki 'yan shekaru kafin ya wargaje. Sarki Sama, da ya hau a 1883, ya shahara da ƙona garuruwan iyaka. Manoman da ke tsakanin Tambuwal, Gwandu da Argungu su suka ɗauki nauyin wannan gaba, da rumbunansu da 'ya'yansu. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, ziyarar da ake danganta farkon bikin kamun kifi na zamani da ita.

Labarin Malam Abdussalami ya ƙara fito da yadda layin ke motsawa. Almajirin Shehu ne, harin da Gobirawa suka kai wa jama'arsa a Gimbana, cikin ƙasar Kabi, na daga cikin abubuwan da suka kunna wutar jihadi. Bayan rasuwar Shehu a 1817 ya saɓa da Muhammadu Bello, aka zarge shi da haɗa kai da abokan gaba, aka yi masa hukuncin ridda, aka ci garinsa Kware a farkon 1818. Daga baya ɗansa Buhari ya sasanta da Gwandu, ya kafa Jega. A cikin gida ɗaya, cikin shekaru kaɗan, an tashi daga mujahidi zuwa abokin yaƙi, aka dawo mai sarauta.

Tun a lokacin akwai malaman da suka ƙi yarda da wannan kafirtawa. Shehu Muhammadul Amin Elkanemi na Barno ya rubuta wa Sakkwato yana cewa saɓo ba ya fitar da mutum daga Musulunci, kuma Bello da kansa ya adana wannan muhawara a Infaƙul Maisuri.

Amana da bauta

Kudu da Kebbe, bayan an haye gulbin Zamfara an wuce Gummi, akwai ƙasar Zuru ta Dakarkari da maƙwabtansu. Irin waɗannan al'ummomi, da takwarorinsu na kudancin Zazzau, duwatsun Bauchi da Adamawa, su ne suka fi ɗanɗana ɗacin zamanin. Zaɓi biyu ne a gabansu. Ko su ƙulla amana da sarkin da ke kusa, su riƙa kai gaisuwa duk shekara, ko su zauna a matsayin ƙasar yaƙi, wadda shari'ar lokacin ta halatta a kai mata hari a kama bayi.

Amanar kanta ta sha bamban da jiziyar littafi. A wurare da dama abin da ake biya ya haɗa da mutane, har ƙauye ya riƙa kama maƙwabtansa don ya cika abin da aka yanka masa. Sarakunan da ke buƙatar bayi domin gandaye, da domin kason da ake aikawa Sakkwato, ba su da sha'awar kowa ya shiga amana, balle ya musulunta. Umaru Nagwamatse, jikan Shehu da ya kafa Kwantagora, da ɗansa Ibrahim, sun yi suna wajen hare-haren da suka ɗaiɗaita ƙauyuka a wannan shiyya. Lokacin da matashi daga Zuru ko kudancin Kaduna ya ce kakanninsa ba su ga adalcin daular ba, wannan tarihi yake nufi, kuma tarihi ne tabbatacce.

Musulmi ma bai tsira ba

Alƙawarin cewa Musulmi zakka kaɗai zai bayar bai daɗe ba. Baturen Jamus mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya tarar kowane magidanci na biyan kuɗin ƙasa wuri 2,500, kimanin dalar azurfa guda, marina kuma na biyan wuri 700 a kan kowace rijiyar karofi. Jangalin da Shehu ya soka ya dawo a masarautu da dama. Har gaisuwa ta koma mazauninta.

Wasu malamai ba su yi shiru ba. Wajen 1846, Malam Hamza na Tsakuwa a ƙasar Kano ya ƙi biyan kuɗin ƙasa, bisa hujjar cewa ba a aza wa Musulmi irin wannan kuɗi. Shi da jama'arsa suka gudu zuwa duwatsun Ningi, suka haɗa kai da Butawa, Warjawa da sauran ƙabilun da ba Musulmi ba, suka kafa ƙasar da ta addabi Kano da Bauchi har zuwan Turawa. A nan ma buƙatar kuɓuta daga mai karɓar haraji ta haɗa malami da wanda ba ya salla a sahu ɗaya.

Yadda jiziya ta kau

Turawan Ingila sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903. Kwanaki kaɗan bayan haka Lugga ya shelanta cewa ikon aza haraji ya koma hannunsu. Dokokin 1904 da 1906 sun tattara tsoffin kuɗaɗen suka mayar da su haraji guda a kan kowa, Musulmi da wanda ba Musulmi ba, tare da jangali a kan shanu, sarakuna na tarawa ana raba kuɗin da gwamnati. Bambancin shaida da na diyya kuwa ya ci gaba a kotunan alƙalai. Ƙananan ƙabilu sun kai kukansu gaban hukumar Willink a 1957 da 1958, sabon kundin hukunta laifuka na Jihar Arewa kuma ya fara aiki a 1960. Harajin kai da jangali sun kai har 1979, lokacin da gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su.

A sauran duniyar Musulmi ma haka aka yi ta ɗauka ana ajiyewa. Sarki Akbar na Indiya ya soke jiziya a 1564, Aurangzeb ya dawo da ita a 1679. Masar ta soke ta a 1855, daular Turkawa ta bi baya a 1856, ta maye gurbinta da kuɗin fansar aikin soja. Da ƙungiyar ISIS ta aza wa Kiristocin Raƙƙa da Mosul jiziya a 2014, manyan malamai daga ƙasashe daban-daban sun yi tir da ita. A watan Janairun 2016 ɗaruruwan malamai suka hallara a Marrakesh ta ƙasar Maroko, suka fitar da sanarwar da ta dogara da yarjejeniyar Madina wajen kiran a gina zaman tare bisa 'yancin ɗan ƙasa.

Abin da ya shafi yau

A dokar Najeriya babu gurbin jiziya. Sashe na 10 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma, sashe na 38 ya tabbatar da 'yancin addini, na 42 ya hana nuna bambanci saboda shi. Jihohin da suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci daga 1999, ciki har da Sakkwato, sun kafa hukumomin zakka da waƙafi da suka shafi Musulmi, babu wadda ta aza wa wanda ba Musulmi ba kuɗin addini.

A ma'aunin fiƙihun ma, abin da masu bindiga ke karɓa a dazukan Sakkwato, Kebbi da Zamfara bai cika sharaɗi ko ɗaya ba. Zakka na da nisabi, da lokaci, da mutanen da ake ba. Jiziya hukuma ce tabbatacciya ke karɓarta, daga wanda ba Musulmi ba, a kan adadi sananne, tare da wajabcin kare wanda ya biya daga kowane maƙiyi. Mai karɓar kuɗi don ya kare manomi daga bindigarsa shi kansa, malaman Malikiyya suna da suna a gare shi, shi ne muharibi, ɗan fashi. Kora garken makiyayi da kama dabbobin talaka kuwa suna cikin jerin abubuwan da Shehu ya ɗauki alƙalami ya soka tun fiye da shekara 200 da suka wuce.

Mafi yawan waɗanda ake aza wa waɗannan kuɗaɗe a yau Musulmi ne, jikokin mutanen ribaɗi da jikokin Kabawan da aka gina ribaɗin dominsu. Tambayar da ke gaban manomin Kuchi ko na Sanyinna ita ce wadda ta dami kakansa: wa ke da ikon karɓa daga hannunsa, nawa zai karɓa, kuma idan ya karɓa, zai zo ya tsare gona ranar da mahara suka iso?